Na Ce Na Tace Man Jirgi, Alhali Ban Tace Ba

Edita, sallama gare ka da masu karatun wannan mujalla. Ni dattijo ne yanzu, jikokina ke karanta mini shafin nan da mutane ke ba da labarin rayuwarsu, kuma duk ranar da aka karanta sai in ji wani abu ya motsa mini a ƙirji. Nawa labarin ya daɗe a ajiye, yau na ga ya kamata in sauke shi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don kusan duk waɗanda ke ciki sun riga mu gidan gaskiya. Lokacin da abin ya faru, 'yan shekaru kaɗan kafin 'yancin kai, ni magidanci ne sabon aure, ban kai talatin ba, ɗan majemi daga Ƙofar Atiku a birnin Sakkwato. Ina da ƙarfi, ina da baki, ina son farar riga da turare, kuma ina ganin duniya ba ta da wani lungu da zan shiga in kasa fita.

Gidanmu gidan jima ne tun kaka da kakanni. Fatar jar akuya da ta bi ta hannun mahaifina ba ta ƙirguwa. Shi mutum ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa, in ya murza fata da yatsu biyu zai gaya maka ko akuyar ta yi ƙazuwa tana raye. Ni kuwa ban gado haƙurinsa ba. Abin da na yarda da shi a duniya sa'a ce, kuma ina da dalilina. Ina yaro na faɗa rijiyar unguwa aka fito da ni ko ƙwarzane babu. Na taɓa makara motar Gusau ta tafi ta bar ni, ta je ta kife a hanya. Yarinyar da samari biyar ke zarya a kanta, ni da na zo daga baya na aure ta. Abokai suka laƙaba mini Mai-Sa'a, ni kuma na karɓi sunan hannu bibbiyu. Kullum bakina na kan cewa sa'a ta fi manyan kaya. Mahaifina in ya ji sai ya yi murmushi ya ce in ci gaba da faɗi, wata rana zan je kasuwa da sa'ar ba kayan, in ga abin da za a saya a wurina.

Akwai wani Bature da ke sayen fata a hannun mahaifina. An ce ya tuƙa jirgin sama a yaƙin duniya, da aka gama ya shiga fatauci. Yana da ƙaramin jirgi nasa na kansa, mai kujera huɗu, fukafukansa a sama, farfela ɗaya a goshi. Da shi yake zuwa Kano da sauran garuruwan da yake da masu saya masa fata. Yana ajiye shi a wata rumfar kwano a filin jirgi, can bayan gonakin Mabera, don a lokacin wurin duk gero ne da dawa. Wata rana ya zo majemarmu ya tarar da ni ina ware fatu, ina jefa mai kyau dama, mai aibi hagu, ko kallonsu ba na yi. Ya tsaya ya ɗauki waɗanda na jefar ya duba ɗaya bayan ɗaya, bai sami wadda na zalunta ba. Nan take ya roƙi mahaifina ya ba shi ni in riƙa kula masa da jirgi, wai yana son mai hannu da ido. Na shiga gida ina tsalle ina cewa sa'ata ce ta sake yin halinta. Mahaifina ya ce wace sa'a, shekara goma ya yi yana ja mini kunne a kan fata kafin hannuna ya faɗa. Ban saurare shi ba.

Aikin ba wuya, sai dai yana cin rai. Man fetur a duro ake kawo shi daga Gusau, kuma duro yakan tara ruwa a gindi, ko daga raɓa ko daga ruwan sama. Ruwa kuwa in ya shiga injin jirgi, sai injin ya mutu, ko a ƙasa ko a sama. Saboda haka Baturen yana da wata fata mai laushi ruwan ƙwai da ya zo da ita daga ƙasarsu. A shimfiɗa ta a bakin mazurari, a zuba mai a kanta a hankali, man ya ratsa ya wuce, ruwan ya tsaya a sama dunƙule-dunƙule. Cika tanki ɗaya sai ƙugunka ya gaya maka. Ya yi mini kashedi tun ranar farko cewa kada ruwa ya taɓa wannan fata, kada a wanke ta, in an gama a mayar da ita gwangwaninta a rufe. Bayan tacewa kuma sai a murɗa wani ɗan famfo a ƙarƙashin fiffike, a tari mai kaɗan a kwalba, a ɗaga ta sama a duba ko ruwa ya kwanta a ƙasa. Shi kuma sai ya zagaya jirgin yana taɓa nan yana girgiza can, kullum daga wuri ɗaya yake farawa, a wuri ɗaya yake gamawa. Ni a raina na ɗauki duk wannan camfin Nasara ne. Na ce kowa da irin layarsa, tamu a ɗamara, tasa a kwalba.

Akwai kuma wani abu da yake yi wanda ya zama abin dariya a gari. Kusan kowane mako sai ya tashi shi kaɗai, ya yi sama sosai, ya rage injin har ka daina jin ƙararsa, ya sulalo shiru kamar shirwa ya sauka a filin. Ya sake tashi ya sake yi. Mutane a kasuwa sai su ɗaga kai su ce jirgin Bature ya sake mutuwa. Na taɓa tambayarsa dalilin ɓarnar man, sai ya ce mini da karyayyar Hausarsa wai yana koya wa hannunsa abin da kansa zai manta ranar tsoro. Na ce masa mutumin da ya fita daga yaƙi da ransa ai sa'a gare shi, ba ya bukatar wannan wahala. Ya dube ni ya ce ya san masu sa'a da yawa, ya kuma halarci jana'izar wasunsu. Na yi dariya, na ɗauka raha ce.

Haka na shekara biyu, kuma ba yabon kai ba, na iya aikin. Har ya kai ya bar mini tacewa da duban kwalba gaba ɗaya, sai dai ya tambaye ni in amsa. Lokacin ana ta maganar 'yancin kai, ana neman 'yan Arewa da za a koya wa ayyukan da Turawa za su bari. Sai ya yi mini alkawarin zai rubuta takarda a ɗauke ni koyon gyaran injin jirgi, ya ce daga gyara wasu ke kaiwa ga tuƙi. Edita, wannan takarda ta shiga raina fiye da yadda zan iya faɗi. Ina tafe ina mafarkinta. Na riƙa ganin kaina da jirgina na kaina, ina sauka ƙauye ina kwasar fatu, yara na bina da gudu. Na gaya wa matata, ta ce Allah ya sa, amma in fara da keke tukuna, don ta gaji da ganin ƙurar Mabera a ƙafar wandona.

Ana nan sai idon mahaifina ya yi yana. Da farko yana ganin mutum dishi-dishi, daga baya sai dai ya gane ka ta murya. Bai taɓa kokawa ba, yana zaune a zaure yana ware fata da hannu kamar da, amma karatun Alƙur'ani ya gagare shi, kuma na san wannan na cinsa. Da Baturen ya ji, ya ce akwai likitan ido a Kano, zai kai shi da jirgi da kansa, in ya so ni in bi su in yi masa jagora. Mahaifina ya yi kwana uku yana jinjina maganar, ya ce shi ko raƙumi bai cika son hawa ba. Ni na dame shi da lallashi har ya yarda. Murnata biyu ce, tsohona zai sami lafiya, ni kuma zan hau jirgin da na shekara biyu ina gogewa ban taɓa tashi a cikinsa ba.

Ana gobe za mu tafi, na ji dangi da maƙwabta na shirin raka mu filin jirgi. Da la'asar na buɗe gwangwani na dubi fatar tacewa, ta yi baƙi ƙirin, ta yi dauɗa kamar tsumman bakanike. Sai girman kai ya taso mini. Na ce yanzu majema za su taru su ga ɗan gidan jima yana aiki da wannan ƙazantar? Wa zai koya mini yadda ake riƙon fata, Bature? Na samo sabulun salo na wanke ta tas, na matse, na shanya a cikin rumfa na tafi gida ina jin daɗin kaina. Da asuba aka yi ruwa mai ƙarfi, na farko a daminar. Da na iso da safe na tarar fatar ba ta bushe ba, duron kuma ruwa ya kwanta a kansa, ga shi man ya kusa gindi. Na shimfiɗa ta a mazurari na zuba, mai ya tsaya cak, ya ƙi wucewa. Ashe abin da ya sa aka hana ta ruwa ke nan, in ta jiƙe da ruwa sai ta ƙi mai. Na juya ta, na matsa, a banza. Ga mutane sun taru suna kallo, ga mahaifina an shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumfa, ga Baturen yana duban gabas yana cewa mu hanzarta kafin wani hadarin ya tare hanya. Sai na juya wa jama'a baya, na zare fatar na cusa a aljihu, na tuttula man haka nan. A raina na ce sau ɗaya dai, kuma ai ina ciki, jirgin da Mai-Sa'a ke ciki ba ya faɗuwa.

Kwalbar ma ban tara ba, kuma yau zan faɗi gaskiyar dalili. Tsoron abin da zan gani nake yi. In na ga ruwa, dole a zubar da man, a fasa tafiya, a tambaye ni yadda aka yi. Baturen ya gama zagayensa, ya tsaya kusa da tabarmar mahaifina. Sannan ya juyo ya yi mini tambayoyin nan biyu da ya saba, ko na tace, ko na duba. Na dube shi ido cikin ido na ce na yi. Ya gyaɗa kai, ya kama hannun mahaifina da kansa ya hawar da shi, ya ɗaura masa ɗamarar kujera yana tsokanarsa, sannan muka shiga.

Ba zan ɓoye ba, mintunan farko sun fi komai daɗi a rayuwata. Ƙasa ta sake mu, mutanen da suka rako mu suka koma kamar zubin gyaɗa a faranti. Baturen ya ce zai zagaya da mu ta kan birni in ga gidanmu. Na ga ganuwa, na ga kasuwa, na ga ramukan majemarmu, na riƙa yi wa mahaifina bayani da ƙarfi a kunne, yana gyaɗa kai yana jan carbi. Na manta da fata, na manta da duro. Muka miƙa wajen gulbi, jirgin ya karkata zai juya gabas, sai injin ya yi tari. Ya sake yi. Ya kama, ya saki, sannan ya yi tsit. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba, iska kawai ke fito a jikin fukafukai. Na nemi sa'ar nan da nake taƙama da ita sama da ƙasa, ban ga inda zan kama ta ba. Salati ma sai da na ji mahaifina na yi sannan bakina ya tuna.

Baturen kuwa ko waiwaye bai yi ba. Hannunsa na ta aiki, ya taɓa wannan ya murɗa wancan, ya sunkuyar da hancin jirgin kaɗan, ya leƙa hagu ya leƙa dama. Ya ce mini in riƙe tsoho da kyau, muryarsa kamar mai cewa a miƙo masa ruwa. Sai na ga muna sulalowa daidai yadda yake yi duk mako mutanen kasuwa na dariya. Ya zaɓi wani dogon fako a gefen fadamar Kwalkwalawa, ya wuce kan wasu itatuwa har na ji ganye na shafar ƙasan jirgin, muka dira. Muka yi ta gudu muna tsalle, fakon ya ƙare, ƙafar jirgin ta faɗa kunyar wata gona, ya dungura da hanci ya tsaya. Farfela ta lanƙwashe. Baturen ya bugu a fuska hancinsa ya karye, jini ya wanke masa riga. Mahaifina rawaninsa ya tare masa goshi. Ni ko ƙwarzane, kamar kullum.

Manoma suka sheƙo da fartanyoyi a hannu, wasu na salati wasu na tsaye nesa suna jiran abin ya fashe. Mai gonar da muka ɓata wa shuka, da aka ba shi haƙuri, cewa ya yi ya yafe, amma a bar shi ya zauna a kujerar direba ko sau ɗaya. Aka ɗora mahaifina a jaki, aka kawo wa Baturen ruwa a ƙwarya ya wanke fuska. Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Kwana uku zaurenmu bai rabu da masu barka da arziki ba, kuma kowa ya shigo maganarsa ɗaya, wai albarkacin Mai-Sa'a aka ci. Wata tsohuwa har da shafa hannuna ta shafa wa jikanta a ka. Abin kunyar da zan faɗa shi ne, na fara jin daɗin maganar. Har na soma ba da labarin ina ƙara masa gishiri. Mahaifina yana gefe yana amsa gaisuwa, bai ce mini uffan ba, ni kuma na ɗauka gajiya ce.

A rana ta huɗu Baturen ya aiko kirana. Na same shi da filasta a hanci, ga kwalba a kan tebur, rabinta mai, ƙasanta ruwa. Ya ce daga tankin jirgin ya taro. Kafin in buɗe baki ya ce laifinsa ne, fatar ta tsufa, tun bara ya kamata ya sake ta, wataƙila ta huje bai lura ba. Ya ce in kawo masa ita gobe ya duba. Ya kuma yaba mini yadda na fito da tsoho daga jirgi, ya ce takardata a makon nan zai rubuta ta. Na fito daga gidansa. Ga ƙofar tsira ya buɗe mini da kansa, abin da ya rage kawai in samar masa hujin da yake nema. Kuma wa ya fi ɗan majemi sanin yadda ake huda fata ta yi kama da ta tsufa?

Bayan la'asar na shiga zaure, baƙi sun watse, mahaifina na jingine da bango kamar mai gyangyaɗi. Fatar na aljihuna. Niyyata in shafa mata baƙin tukunya ta koma yadda take, in huda ta wuri biyu. Na lallaɓa na sa hannu a jakar kayan aikinsa na zaro basillar da muke ɗinke ɗaurin fatu da ita. Ƙarafan suka ɗan yi ƙara. Bai ɗago kai ba ya tambaye ni abin da zan ɗinka da ke warin fetur. Na tsaya da basillar a hannu. Abin da ya faɗa bayan nan, har in mutu ba zan manta ko kalma ɗaya ba, don haka zan kawo shi yadda ya fito daga bakinsa.

"Aje basillag ga. Ni na ji zubin man nan ran nan. Shekara arba'in ina jima, na san ba abin da ka ratsa hwata da gudu haka nan. Amma da Bature yat tambaye ka kac ce ka tace, sai nic ce ma raina kunnena na yat tsuhwa, ɗana ba shi yi min ƙarya. Kan maganakka nish shiga jirgin ga."

Edita, da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na durƙusa a gabansa ina kuka kamar yaron goye, ina ba shi haƙuri. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce shi ya yafe tun muna fadama, don ya ga yadda na rungume shi lokacin da jirgi ke gangarowa. Amma ya ce akwai mutumin da ke can yana zargin kansa da laifin da bai yi ba, kuma shi ba zai tilasta mini ba, in je ko kada in je, ruwana. Ya miƙo hannu na sa masa basillar, ya mayar jaka.

Washegari na kai wa Baturen fatar yadda take, fara tas, ba huji. Yana ganinta ya gane rabin labarin, na ƙarasa masa sauran. Na zaci zai yi faɗa ko ya kira 'yan doka, bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana juya fatar a hannu. Daga baya ya ce wanke fata kuskure ne, kowa na yin kuskure, shi ma ya yi nasa da ya daina duba kwalbar da idonsa. Ya ce da na gaya masa gaskiya da safen nan, awa ɗaya za mu yi asara, ko mu kwana mu tafi gobe. Abin da ba zai iya tsallakewa ba shi ne amsar da na ba shi. Ya ce a aikin jirgi, direba ba ya iya duba komai da kansa, da bakin mai gyara yake tashi, don haka ba zai iya sa hannunsa a takardar da za ta ce a yarda da nawa ba. Ya gode mini da na zo, ya ce in ina so in koma ɗakin ajiyar fatunsa in riƙa ware masa. Na karɓa. Na yi kuka a hanya, don na san jirgina ya tashi ya bar ni, kuma ni na kore shi.

Mahaifina dai a mota na kai shi Gusau, daga can muka shiga jirgin ƙasa zuwa Kano. Tafiyar da za a yi kafin azahar ta ci mana kwanaki. Abin da ya fi taɓa ni a wannan tafiya, duk inda za mu taka sai ya ba ni hannunsa ya tambaye ni ko akwai rami, ko akwai matakala, kuma duk abin da na ce sai ya taka ba tare da ya laluba da sanda ba. Ban taɓa duban ƙasa da kyau irin na kwanakin nan ba. Aka yi masa aiki, ido ɗaya ya buɗe sosai, aka ba shi tabarau. Ya koma karatunsa, ya ga 'ya'yana uku, ya ga ranar 'yancin kai da idonsa, har yana cewa bai ga abin da ya canza a farashin bagaruwa ba. Baturen an gyara masa jirginsa, ya ci gaba da tashi, daga baya ya sayar ya koma ƙasarsu. Mun rabu lafiya, har gida ya zo ya yi wa tsoho sallama.

Ni kuma na zauna a kan fata, sana'ar da na raina. Alhamdu lillahi, ta rufa mini asiri, na aurar da 'ya'ya, na sauke farali, kuma a wannan tafiya ce na sake shiga jirgin sama, ina ta leƙen masu zuba mai ta taga har maƙwabcina ya tambaye ni ko lafiya. Ban zama direban jirgi ba, ban mallaki ko farfela ba, kuma ba na jin haushin kowa. Fatake sun san in na ce ɗauri ɗari ne masu kyau, ba sai an kwance ba. Wasu in sun ga haka sukan ce wane ai mai sa'a ne tun yana yaro. Nakan yi dariya in bar su, don bayanin yana da tsawo.

Ban ce babu sa'a ba. Allah na ba wanda ya so, kuma da kwananmu ya ƙare a fadamar nan, ba gwanintar da za ta hana. Amma na ga sababin da Allah ya tsirar da mu da shi, mutum ne da ya yi shekaru yana maimaita abu ɗaya ana yi masa dariya. Na kuma ga sababin da ya kusa kashe mu, ni ne, da na ɗauki alherin da Allah ya yi ta yi mini na mai da shi lasisin ganganci. Don haka ina kira ga matasa, musamman masu aikin da ran wani ke rataye a kai, bakanike, direba, ma'aikacin asibiti, magini. Za a yi ranar da za ku gaji, ko ku makara, ko ku ji kunyar idon jama'a, sai wani ya tambaye ku ko kun duba. Ku tuna mai tambayar nan zai ɗauki amsarku ya hau kanta da ransa, wataƙila ma ya ƙaryata kunnensa saboda ku. In ba ku duba ba, ku ce ba ku duba ba. Kunyar ba ta wuce ta yini ɗaya, ni tawa na fi shekara arba'in ina ɗauke da ita.